Tarihin Faci: Yadda Iska Ta Shiga Tayar Keke, Da Waɗanda Suka Biya Kuɗinta

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba za ta ɗauki murya ba, da kuma masu son su karanta a nitse.

Yau maganar faci za mu yi. E, facin tayar keke. Na san wani zai ce, duk halin da ake ciki a ƙasar nan an rasa abin tattaunawa sai faci? Ka ɗan yi haƙuri ka biyo ni zuwa ƙarshe. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu sun koma kan feda: malamin firamare, ɗan makaranta, mai kai burodi shaguna. A Maiduguri kuwa, tun 2011 da aka hana hawa babur keke ya zama ƙafar talaka. Ga irin waɗannan mutanen, taya ta sace da sassafe makara ce a wurin aiki, asarar cinikin safe ce, wani lokacin ma kuɗin cefane ne ya tafi wurin mai faci.

Ni ma na ɗanɗana. Ina aji biyar a sakandare, ranar jarrabawar lissafi, na hau tsohon keken babanmu, na faɗa wani rami a bakin titi. Ban yi nisa ba na ji rim yana dukan ƙasa. Na tura shi ina gumi har wurin wani dattijo mai faci a gindin darbejiya. Na ce, "Baba, don Allah a taimaka, ƙusa na taka." Bai ce mini komai ba. Ya zaro tub ɗin, ya buga masa iska, ya riƙa tsoma shi cikin wani kwano mai baƙin ruwa har kumfa ta fara tasowa. Sai ya nuna mini da farce: huda biyu kusa da juna, kamar saran maciji. Ya ce, "Yaro, babu wata ƙusa. Rowar iska ka yi wa tayar, rim ya ciji tub. Kai ka yi wa kanka." Na shiga aji an ci kusan rabin lokaci. Makin da na samu kuwa, mu bar shi a nan.

Tun ranar tambaya ɗaya ta zauna mini a rai. In dai iskar nan guduwa take yi, wa ya ce a zuba ta cikin taya tun farko?

To, asali keke ba shi da iska. Kekunan da aka riƙa ƙerawa a birnin Faris na Faransa a shekarun 1860, ƙafafunsu na katako ne da aka yi wa ɗamara da ƙarfe, irin na keken doki. Titunan Turai na lokacin kuma duwatsu ne aka jera. Ka ƙiyasta hawa wannan abu a kan wannan hanya. Mutanen Ingila har laƙabi suka yi masa, wanda ma'anarsa ita ce mai girgiza ƙashi. Daga baya aka koma liƙa roba dunƙulalliya, marar rami a ciki. A 1885 wani maƙeri a garin Coventry, John Kemp Starley, ya fito da keke mai ƙafa biyu kusan daidai da juna, da kaca mai juya ƙafar baya, wato kakan keken da muke hawa yau. Shi ma tayarsa dunƙulalliya ce. Ba ta taɓa yin faci, ko kan ƙusa ka bi. Amma duk dutsen da ka taka sai ka ji shi a ƙugunka da haƙoranka, kuma ba ta gudu a kan hanya marar kyau.

Ita kanta robar sai da aka sha fama da ita. Ɗanyen danƙon da ake tatsa daga bishiya yana narkewa ya yi yauƙi in an yi zafi, ya sandare ya tsattsage in an yi sanyi. Wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya kwashe shekaru yana gwaje-gwaje cikin talauci, har gidan yari ya shiga saboda bashi, kafin a 1839 ya gano cewa in aka gauraya danƙo da farar wuta aka gasa, yakan zama roba mai jure zafi da sanyi. Ya rasu a 1860 da bashi a kansa. Kamfanin tayar da ke ɗauke da sunansa sai 1898 aka kafa shi, shekara 38 bayan rasuwarsa, kuma ba nasa ba ne.

Shekara shida bayan wannan binciken, a 1845, wani matashi ɗan Sikotilan mai shekara 23, Robert William Thomson, ya yi rajistar wata dabara: bututun roba cike da iska, an lulluɓe shi da fata, an ɗaura a ƙafar keken doki. An gwada a Landan a 1847, ya yi aiki, keken dokin ya tafi shiru babu girgiza. Sai dai roba na da tsada a lokacin, babu keken hawa, babu mota, babu kasuwa. Dabarar ta kwanta, aka manta da ita. Thomson ya rasu a 1873.

Sai 1887, a birnin Belfast na tsibirin Ailan. Akwai wani likitan dabbobi, shi ma ɗan Sikotilan, sunansa John Boyd Dunlop. Ku lura, likitan dawakai da shanu ne fa, ba injiniya ba. Yana da ɗa ƙarami mai keke mai ƙafa uku, kuma yaron yana shan wahalar girgiza a kan titunan duwatsun garin. Uban ya samo faifan katako, ya haɗa bututu da fallen roba, ya hura masa iska, ya lulluɓe da ƙyalle ya kafe a jikin faifan. Sai ya fita tsakar gida ya gara shi, ya kuma gara ƙafar keken yaron mai dunƙulalliyar roba. Ta robar ta tsaya a hanya ta faɗi. Mai iskar ta wuce har ta daki ƙofa ta dawo.

Ga sirrin, a taƙaice. Taya mai tauri in ta haɗu da tsakuwa, dole dukkan keken da wanda ke kai su ɗaga sama su hau ta, kuma wannan ɗagawar ƙarfin ƙafarka take ci. Taya mai iska kuwa lotsawa take yi ta haɗiye tsakuwar ta wuce. Shi ya sa take da daɗin hawa, shi ya sa kuma ta fi gudu.

Dunlop ya samu rajista a watan Disambar 1888. Da farko dariya aka riƙa yi wa tayar, saboda ƙatuwa ce, kumburarriya. A watan Mayun 1889 wani ɗan tseren keke mai suna Willie Hume ya shiga gasa da ita a Belfast, ya cinye duka tsere huɗu da ya shiga. Dariya ta ƙare. Wani ɗan kasuwa, Harvey du Cros, wanda aka kayar da 'ya'yansa a tseren, ya nemi Dunlop suka kafa kamfani a Dublin a wannan shekarar. Amma a 1890 sai aka tono tsohuwar rajistar Thomson, aka sanar da Dunlop cewa tasa ba ta da inganci, domin an riga shi da shekara 43. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Dunlop ya bar kamfanin bayan 'yan shekaru, bai yi wani babban arziƙi da shi ba, sunansa ne kawai ya zagaye duniya.

To ranar da iska ta shiga taya, ranar aka haifi faci. Kuma facin farko bala'i ne. Tayar Dunlop manne take da gam a jikin rim, an nannaɗe ta da ƙyalle kamar mai karaya. In ƙaya ta shiga, sai an ɓamɓare komai, a liƙe, a sake mannawa, a jira gam ya bushe.

A garin Clermont-Ferrand na Faransa akwai wasu 'yan'uwa biyu, André da Édouard Michelin, masu ƙaramar masana'antar roba. Kamar yadda kamfaninsu ke ba da labari, wata rana wani mai keke ya shigo musu da irin wannan taya ta yi faci. Aka shafe awa uku ana aiki, aka bar ta ta kwana tana bushewa. Da safe Édouard ya hau don gwadawa, ya ji daɗin da bai taɓa ji a kan keke ba, amma bai yi nisa ba ta sake sacewa. Abin da ya fahimta a nan shi ya canza komai: tunda babu yadda za a yi a hana taya hujewa, a mayar da gyaranta abu mai sauƙi. A 1891 suka yi rajistar taya da ake iya cirewa a mayar, gyara cikin kusan minti 15.

A watan Satumbar 1891 aka shirya tsere daga Faris zuwa garin Brest a dawo, kimanin kilomita 1,200, mutum sama da 200 suka tashi. Charles Terront ya hau tayar Michelin. Ya yi faci a hanya fiye da sau ɗaya, amma kowane lokaci a gyara ya wuce. Ya iso cikin awa 71 da 'yan mintuna, ya ba wanda ya zo na biyu ratar kusan awa 8. A 1892 'yan'uwan nan suka shirya nasu tseren daga Faris zuwa garinsu, kuma ka ji abin da suka yi: ƙusoshi aka watsa a kan hanya da gangan, don kowa ya yi faci, duniya ta ga wace taya ce ta fi saurin gyaruwa. Ka ji talla!

A daidai wannan lokacin a Ingila, Charles Kingston Welch ya yi rajista a 1890 ta taya mai waya a bakinta biyu, da rim mai kwari a tsakiya. Wannan kwarin shi ke ba mai faci damar tura gefe ɗaya ciki ya ɓanɓaro ɗaya gefen. Kamfanin Dunlop ya saye dabarar, kuma ita ce a ƙarƙashin kekenka yau. Bawul ɗin nan na tsofaffin kekuna mai 'yar siririyar roba a ciki, wanda muke shafa wa yawu mu ga ko zai yi kumfa, wani mai suna Woods ya ƙirƙiro shi a 1891. Irin na mota da babur kuma, mai ɗan tsinke a tsakiya, daga kamfanin August Schrader na New York ya fito, aka yi masa rajista a 1893. Wato kusan duk abin da Baba mai faci yake taɓawa da hannunsa, an tsara shi ne tsakanin 1888 da 1893.

Yanzu ku gyara zama, don nan ne labarin ya daina daɗi.

Da taya ta yi laushi, kuma ta zama mai gyaruwa, sai Turai da Amurka suka haukace da keke a shekarun 1890. Miliyoyi aka sayar. Ma'aikaci ya samu abin zuwa aiki, mata suka samu damar fita da kansu. Kowane keke kuma taya biyu, tub biyu, da robar faci. Ga wayoyin lantarki da na tangaraho da ke buƙatar roba, ga mota tana tafe. Farashin danƙo ya tashi. A lokacin kuwa kusan duk danƙon duniya a daji ake tatsarsa, mafi yawa a dajin Amazon na Kudancin Amurka, sai kuma Afirka.

Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, Sarkin Beljiyam Leopold na Biyu ya mallaki ƙasar Kwango a matsayin kayansa na kansa, ba na gwamnatin ƙasarsa ba. Ƙasa ce da ta ninka Beljiyam fiye da sau 70, kuma har ya mutu bai taɓa taka ta ba. Dazukanta cike suke da wata kurangar daji mai danƙo. Sai aka yanka wa kowane ƙauye adadin da zai kawo. Maza su shiga daji kwana da kwanaki, a bar gona. Ƙauyen da bai cika ba, a kama mata da yara a tsare har sai an kawo, a zane maza da bulalar fatar dorina, ko a ƙone garin. Jami'an Turawa suna ƙirga harsashin da suka ba sojoji, kuma suna neman shaidar cewa a kan mutum aka harba shi, ba a farautar nama ba. Shaidar ita ce yankakken hannu. Daga nan aka shiga yanke hannayen matattu, har da na masu rai, har da na yara.

A 1904 wata 'yar mishan Baturiyar Ingila, Alice Seeley Harris, ta ɗauki hoton wani mutum mai suna Nsala yana zaune yana kallon hannu da ƙafar 'yarsa mai shekara biyar. Hoton yana nan har yau, in zuciyarka za ta iya ɗauka. Kafin nan wani akawun kamfanin jiragen ruwa, Edmund Morel, ya lura da wani abu a tashar Antwerp: jirage na zuwa daga Kwango maƙare da danƙo da hauren giwa, amma in za su koma, bindigogi da harsasai da sojoji suke ɗauka. Babu kayan da za a ce da su ake biyan masu danƙon. Ya ajiye aikinsa ya shiga fafutuka da alƙalami. Rahoton jakadan Birtaniya Roger Casement na 1904 ya tabbatar da zancen. Matsin lamba ya sa a 1908 gwamnatin Beljiyam ta karɓe Kwango daga hannun sarkin. Masana tarihi sun saɓa a kan yawan mutanen da kisa da yunwa da cututtuka suka ci a wannan zamanin, amma miliyoyi ake magana, wasu ƙiyasin sun kai miliyan 10. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Akwai wani ɓangare da ya taɓa mu kai tsaye, kuma ba zan tsallake shi ba don ba shi da daɗi. Rundunar Leopold, wadda ake kira Force Publique, a shekarunta na farko da sojojin haya aka gina ta, daga Zanzibar da kuma gaɓar Afirka ta Yamma, kuma a cikin takardun Turawan akwai waɗanda suka rubuta da sunan Hausawa. A wancan zamanin Turawa kan sa wa kusan duk sojan da ya fito daga arewa yana jin Hausa wannan suna, kuma da yawansu bayi ne da suka gudo bakin teku suna neman abin yi. Daga baya 'yan Kwango ne suka zama mafi yawan rundunar, akasari da tilas aka ɗebe su. Duk da haka sunanmu yana cikin littafin. Na faɗi wannan ne don mu san cewa talakan da yunwa ta kora, in aka miƙa masa bindiga da albashi, ana iya juya shi a kan talaka ɗan'uwansa a ko'ina.

Zazzaɓin danƙon ya iso har ƙasar Legas a tsakiyar shekarun 1890. Mutane suka bazama daji suna tatsar bishiyoyi babu ƙaƙƙautawa, cikin 'yan shekaru bishiyoyin suka mutu, kasuwar ta rushe.

Abin da ya kawo ƙarshen danƙon daji shi ne gona. Tun 1876 wani Bature ɗan Ingila, Henry Wickham, ya kwaso irin bishiyar roba kimanin 70,000 daga Birazil ya kai lambun Kew a Landan. Kaɗan ne suka tsiro, aka aika da dashen zuwa Siri Lanka da Malaya, wato yankin Maleshiya ta yau. Zuwa wajen 1913 gonakin Asiya sun sha gaban dajin Amazon. Roba ta yi araha, taya ta yi araha, keke ya kama hanyar ƙauyukan Indiya da Sin da Afirka, har ya zo hannun kakanninmu, waɗanda mai Raleigh a cikinsu, ko Rale kamar yadda suke faɗa, ba ƙaramin mutum ba ne a gari.

A Malayar nan kuma faci ya shiga tarihin yaƙi. A watan Disambar 1941 sojojin Japan suka mamaye ta, da yawansu a kan kekuna. Zafin kwalta ya riƙa fasa musu tayoyi, babu lokacin tsayawa, sai suka riƙa cire tayar suna tafiya a kan rim tsirara. An ruwaito cewa ƙarar ɗaruruwan rim a kan kwalta da dare ta sa wasu sojojin da ke gadin hanya suka ɗauka tankokin yaƙi ne ke tafe. Ranar 15 ga Fabrairun 1942 Singafo ta faɗi. Da gonakin robar Asiya suka koma hannun Japan, Amurka ta rasa kusan duk robar da take saye, dole ta koma kan roba ta haɗi da ake yi daga man fetur. A cikin irin waɗannan akwai wadda William Sparks da Robert Thomas suka haɗa a 1937, mai suna butil. Ita wannan tana riƙe iska fiye da robar bishiya nesa ba kusa ba. Baƙin tub ɗin da ke cikin yawancin kekuna yau da ita ake yin sa. Da tub ɗin danƙon bishiya ne zalla, da kusan kullum sai ka nemi famfo.

Yaƙin da ƙaya bai tsaya nan ba. A 1965 wata masaniyar sinadarai a Amurka, Stephanie Kwolek, ta gano zaren Kevlar, wanda ake yin rigar sulke da shi, kuma yau ana shimfiɗa shi a cikin wasu tayoyin keke don ya tare ƙaya da kwalba. A 1999 aka fito da tsarin taya marar tub ga kekunan hawa duwatsu, daga baya aka riƙa zuba wani ruwa mai danƙo a ciki, wanda ke toshe ƙaramar huda da kansa kana cikin tafiya. Wasu kamfanonin ma sun koma gidan jiya, suna yin taya marar iska gaba ɗaya. Ba ta faci, gaskiya ne, amma nauyi da taurin nan da ɗan Dunlop ya sha sun dawo. Kuma duk da wannan fasaha, a gasar Tour de France ta 2012 wani ya watsa ƙananan ƙusoshi a kan wani tsauni, 'yan tsere masu kekunan miliyoyi suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Shekara fiye da 130 ana abu ɗaya, babu wanda ya kashe faci. Rage shi kawai ake yi. Kowa ya sha zuma ya sha harbi.

To mu da ba mu da kuɗin taya mai sulke fa? A nan ne ilimin Baba mai faci yake da amfani, kuma kusan duk kyauta ne.

Iska ita ce ta farko. Tub, ko sabo ne, yana rage iska a hankali, don haka ka riƙa matsa tayarka da yatsa kafin ka hau, ka ƙara mata aƙalla sau ɗaya a mako. A gefen taya akwai lambar da ke nuna iyakar iskar da take ɗauka. Taya mai laushi ita ce rim ke cizo in ka faɗa rami, kuma ta fi kwasar ƙaya. In za ka ɗauko buhu ko goyo a kariya, tayar baya na buƙatar ƙarin iska. In ka hango rami ko tudun rage gudu, ka ɗan ɗaga daga kan sirdi.

Sai hanya. Can ƙarshen gefen titi, inda ƙasa ke taruwa, nan fasassun kwalabe da guntayen waya suke kwana. Da damina roba mai jiƙa ta fi saurin yankuwa. A hanyar gona kuma tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa ne abokan gaba. In ka sauka, ka juya tayar ka ciccire abin da ya maƙale, domin sau da yawa ƙaya sai ta kwana biyu tana nutsewa kafin ta kai ga tub.

In an zo faci, kada a mayar da tub sai an bi cikin tayar da yatsa a hankali an gano abin da ya huda shi, in ba haka ba gobe ka dawo. A duba ƙyallen nan ko robar da ke rufe kawunan sifok a cikin rim. In hudar ta ɓangaren rim take, laifinsa ne. A kankare wurin, a shafa sholisho kaɗan, a bari ya sha iska kafin a manna. A ɗan hura wa tub iska kafin a saka shi don kada ya naɗe, kuma a guji ɓanɓarar taya da sukuddireba. Wasu kan yanke bakin tsohuwar taya su shimfiɗa ta a cikin sabuwa, tana taimakawa, sai dai keken zai ƙara nauyi. Tayar da ta suɗe har zare ya fito, ko rana ta tsattsaga gefenta, ta gama aiki.  Kuma a daina barin keke a rana tun safe har la'asar. Rigakafi ya fi magani.

Kafin mu rufe, abu ɗaya. Najeriya tana noman roba a jihohi irin su Edo da Delta da Kuros Riba, har cibiyar binciken roba muke da ita kusa da birnin Benin. Mun taɓa samun masana'antar taya ta Michelin a Fatakwal da ta Dunlop a Ikeja, masu yin tayoyin mota. Ta farko ta rufe a 2007, ta biyu ta daina ƙera taya a 2008, kuma matsalar wutar lantarki da kwararowar tayoyin waje na cikin manyan dalilan da aka bayar. Yau muna fitar da ɗanyen danƙo, mu sayo taya da tub daga Asiya da dala. Tsarin da Morel ya gani a Antwerp, na kaya su fita ɗanye riba ta zauna a can, an cire masa bulala da yankan hannu, alhamdulillahi, amma hanyar da jirgin ke bi ba ta canza sosai ba. Duk lokacin da ɗan takara ya zo yana mana alƙawarin ayyukan yi, wannan tambaya ce da za mu iya yi masa da sunanta: ina masana'antar da za ta sarrafa abin da muke nomawa, kuma ina wutar da za ta juya ta?

Wanda ke hannunmu kuma, mu yi shi. Kwalbar da ka fasa ka bari a titi, da ƙusoshin da aka zubar bayan an kwance rumfar biki, tayar wani ɗan makaranta suke jira. Mu share ƙofar gidajenmu. In ka je wurin mai faci kuma, ka gaishe shi da kyau, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da dogon ciniki ba, ka tsaya ka kalli yadda yake aikin. Ni dai darasin da na koya a gindin darbejiyar nan ya fi zama a kaina fiye da lissafin da na je rubutawa ranar.

Nan za mu dakata. Wanda ya san mai keke, ya tura masa wannan. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya, kuma kafin ka hau gobe da safe, ka matsa tayar.